Baƙo a idon Kawu: yadda dashen ƙarniyya ya zauna wata 17 kafin jiki ya gane shi

Kawu ya iso Gadarif a bayan motar da ta ɗauko riɗi daga ƙauyensu, ya naɗe fuska da rawani har ba a ganin komai sai gemu. Ɗansa na biyu ne ke riƙe da hannunsa. Da na yaye rawanin a inuwar baranda sai ya runtse ido ya kau da kai, hawaye na bin kuncinsa na dama. Na ce, "Kawu, yau kwana nawa?" Ya ce, "Shida, ɗana. Mun ɗauka ramad ne." Ramad shi ne jan idon nan mai yaɗuwa, apolo. Tun kafin likita ta zaunar da shi gaban na'ura gabana ya faɗi, domin ko da hasken rana kana iya ganin ƙasan ƙarniyyar da aka dasa masa a idon ya dushe, kamar madubin da aka yi wa huci.

Ni ma'aikacin jinya ne a sashen ido. Shi kuma ƙanen mahaifiyata ne, manomin dawa da riɗi, shekarunsa hamsin da 'yan kai, jikan mutanen da suka baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, rabo ya tsayar da su a nan gabashin Sudan. Da izininsa nake rubuta wannan, kuma ba zan ambaci sunansa ko na asibitocin da ya bi ba.

Abin da muke kira ƙarniyya a nan, aro daga Larabci, shi ne tantanin nan mai kama da gilashin agogo da ya rufe baƙin ido ta gaba. Faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, kaurinsa a tsakiya kusan rabin milimita ne, amma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Idan ya yi tabo, shi ne mu Hausawa muke cewa hakiya. Hakiya daban, yanar ido daban: yana tana can ciki, bayan ɗan ido, hakiya kuwa a waje take, kowa na ganinta.

Asalin hakiyar

Idon Kawu na hagu tun yana yaro ƙyanda ta lalata shi, ba ya bambance komai da shi sai dare da rana. Na dama ne jarinsa. Wata kaka ana yankan dawa, gefen ganye ya shafe shi a wannan idon. Abu ne da ke faruwa da kowane manomi, ya murje ya ci gaba da aiki. Kwana uku ido ya yi ja, aka ɗiga masa ruwan wani ganye, bai yi ba, aka sayo maganin ɗigawa a kemis ɗin kasuwa. Maganin yana da kotizon a ciki. Jan ya ragu, zafin ya lafa, kowa ya ce an dace. A ƙarƙashin wannan lafawar kuwa funfuna ce take cin naman ƙarniyyar, domin raunin da tsiro ya yi wa ido yakan shigo da ƙwayoyin funfuna, kotizon kuma aikinsa kwantar da masu gadin jiki ne. An ɗaure kare, ɓarawo yana cikin gida.

Da aka kawo shi wurinmu gyambo ne sosai. An yi makonni ana ɗiga masa natamaisin, maganin kashe funfuna, da farko kowace awa. Idon bai fashe ba, alhamdulillahi, sai dai gyambon ya warke da farar hakiya a daidai tsakiya, ta ratsa kaurin ƙarniyyar har ƙasa. Wani abu kuma ya biyo baya wanda a lokacin ba wanda ya damu da shi a gida: siraran jijiyoyin jini sun kutso daga farin ido, ta ƙasa da ta wajen hanci da ta wajen kunne, sun ratsa cikin tabon kamar saiwar ciyawa. Jiki ne ya shimfiɗa su don kai ɗauki wurin ciwo. Ciwo ya tafi, hanyoyin suka zauna.

A ranar nan na tara gidan na yi musu faɗa, har da matarsa, wadda nake ce wa Inna. Na ce, "Inna, daga yau in ido ya yi ja, kada wanda ya kuskura ya sa masa kotizon." Ta riƙe maganar nan gam. Za mu dawo kanta.

Me ya sa ido ke karɓar abin da ƙoda ba ta karɓa

Wanda aka dasa wa ƙoda sai an gwada jininsa da naman jikinsa da na mai bayarwa, sannan ya sha magungunan danne garkuwar jiki muddin ransa. Ƙarniyya kuwa an yi nasarar dasa ta tun ba a san waɗannan magunguna ba. A Disamban 1905 wani likita mai suna Eduard Zirm, a garin Olomus na ƙasar Cek ta yau, ya ɗauki ƙarniyyar wani yaro ɗan shekara 11 da aka cire wa ido saboda rauni, ya dasa wa wani lebura da farar ƙasa ta ƙone wa idanu biyu. Ɗaya ya dushe, ɗaya ya zauna garau. Babu kotizon a duniya a lokacin, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙoda sai a 1954 aka dace da ita, ita ma tsakanin tagwaye masu kama ɗaya.

Garkuwar jiki tana aiki ne kamar yadda tsohon gari ke yi da baƙo. Akwai masu ido a kowane lungu, wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne su gutsuri ɗan abin da ba su sani ba su kai rahoto. Hanyar kai rahoton wasu siraran magudanan ruwan jiki ne da ke ƙarewa a kaluluwa, ta ido kuwa tana wajen kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi da wuya. A kaluluwa ake nuna wa fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T kamannin baƙon, su hayayyafa, su fito. Hanyar da suke bi su isa wurin kuma ita ce jijiyar jini. Lafiyayyar ƙarniyya ba ta da ko ɗaya cikin hanyoyin biyun. Iskar da take shaƙa daga sarari take samu ta cikin hawaye, abincinta daga ruwan da ke bayanta. Unguwa ce da ba hanyar kai ƙara fada, ba hanyar zuwan dogarai. Peter Medawar ya nuna haka a 1948: ya sa fatar wani zomo a cikin ɗakin gaban idon wani zomon, wato wurin ruwan da ke bayan ƙarniyya, ta zauna lafiya muddin jijiyar jini ba ta shige ta ba.

Daga baya aka gano ashe ba rashin hanya kaɗai ba ne, ido yana aiki tuƙuru don ya tsare wannan zaman. Ƙarniyya tana fitar da wani sinadari da ke cafke saƙon da jiki ke aikawa na "a shimfiɗa jijiya nan" kafin ya isa. Masu binciken da suka bayyana wannan a 2006 sun duba dabbobi, suka tarar ayun da ke ruwan Amurka, ɗan'uwan namu na Kwara da Binuwai, ba ya fitar da sinadarin, kuma ƙarniyyarsa cike take da jijiyoyi tun asali. Ban da wannan, ƙwayoyin cikin ƙarniyya suna ɗauke da wata alama a jikinsu wadda idan ƙwayar T mai faɗa ta taɓa, sai ta kashe kanta. Ruwan da ke ɗakin gaban ido ma yana da sinadaran sanyaya faɗa. Mafi ban mamaki, baƙon abin da ya shiga wannan ɗaki labarinsa yakan bi jini ya je saifa, a can a horar da wasu ƙwayoyin T na daban waɗanda aikinsu shi ne su ce wa sauran, "Wannan namu ne, ku ƙyale shi."

Hikimar a fili take. Kumburi da faɗa da tabo su ne hanyar warkewar fata, kuma tabo a ƙafa ba ya hana tafiya. Tabo a tsakiyar ƙarniyya makanta ne.

Saboda haka mai ƙarniyyar da ta yi tsini, ciwon da ke yawan kama matasa a nan da Saudiyya, idan aka yi masa dashe, fiye da tara cikin goma dashensu yana nan garau bayan shekara biyar, domin idonsu ba jijiya, ba kumburi. Idon Kawu ba haka yake ba. Likitoci kan raba ƙarniyya gida huɗu kamar an yanka gurasa, idan jijiyoyi sun shiga gida biyu ko fiye sai a sa idon cikin masu babban haɗari. Nasa gida uku ne. A irin wannan ido fiye da rabi jiki yakan tasar wa dashen, ko ba jima ko ba daɗe. Inda jijiyar jini ta bi, magudanar kai rahoto ma ta bi, sai dai ita ba a ganinta.

Aikin

Na san akwai abokan aikina da za su ce bai kamata a taɓa irin wannan ido ba. Da na hagu yana gani, ni ma da haka zan ce. Amma mutum ne da ake ja da sanda zuwa masallaci alhali jijiyar ganinsa lafiya lau take, tagar ce kawai ta toshe. An jira ido ya huce fiye da shekara, domin dashe a kan ido mai kumburi zuba ruwa ne a rariya.

Akwai salon aiki da ba a cire ƙarniyya duka, a bar wa mutum shimfiɗarsa ta can ciki a canza ta sama kawai. Wani likita a Jidda, Mohammed Anwar, da abokin aikinsa suka bayyana a 2002 yadda ake raba shimfiɗun da kumfar iska, kuma yau duniya na amfani da dabarar. Amfaninta shi ne jiki ba zai yaƙi shimfiɗar da tasa ce ba. Hakiyar Kawu ta ci har ƙasa, don haka sai cikakken dashe.

Tambayoyinsa uku ne, kuma su ne na kowa. Ta farko, ido za a ƙwaƙule a sa wani? A'a, da'ira ce mai faɗin milimita 8 ko ƙasa kaɗan ake yankewa a tsakiya, a ɗinka wata a gurbinta. Ta biyu, ya halatta? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci zuwa mai rai idan akwai larura kuma mamacin ko magadansa sun yarda, da sharaɗin ba ciniki ba ne. Ta uku ya yi ta yana dariya: "To, zan riƙa ganin abin da mai idon ya gani?" Na ce, "Kawu, in ka canza gilashin taga, gonar maƙwabci ba ta canzawa."

Ƙarniyyar daga wani bankin ido na ƙasar waje ta zo, a jirgi, cikin akwatin sanyi. A ruwan adanawa a ma'aunin sanyi 4 ba ta wuce mako biyu. Ba mu kaɗai ke jira ba: wani ƙiyasi da aka yi kan shekarar 2012 ya ƙirga dashe 184,576 a ƙasashe 116, ya kuma nuna ƙarniyya ɗaya ce ake samu ga kowane mutum 70 masu bukata. Kawu ya sayar da shanun huɗarsa biyu da riɗin shekara. Ba a gwada dacewar naman jikinsa da na mamacin ba, kuma ba sakaci ba ne: babban binciken da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 1992, bai ga wani amfani a wannan gwajin ba ko a idanu masu haɗari, muddin ana sa kotizon sosai ana kuma bibiya.

An yi aikin a Khartum, kilomita 400 da wani abu daga nan, wata bakwai kafin yaƙi. Ɗinki 16, kowanne da kansa, da zaren nailan da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Bayan wata uku Kawu yana karanta Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe da tabarau. Yakan nuna idon ya ce, "Baƙona yana nan lafiya." Likitan ya gaya masa a gabana: ɗigon firednisolon, wanda shi ma nau'in kotizon ne, za a riƙa rage shi a hankali, amma a irin idonsa ba ranar dainawa, kuma duk zaren da ya saki a cire shi nan take.

Kwalba

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ranar komawarsa asibiti ta zo ta wuce. Yawancin masana'antun magani da manyan rumbunan ajiyarsa a Khartum suke, sai magani ya fara wuya. Muna samun kwalba ta hannun wani ɗan'uwa a Madani, inda likitoci da 'yan kasuwar magani da yawa suka koma, har zuwa Disamba da Madanin ita ma ta faɗi. Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, makarantu suka zama gidaje, kemis kuma in ka tambayi ɗigon kotizon sai a girgiza kai.

Nan ne na yi kuskure. Na ce masa ta waya ya lallaɓa kwalbar da ta rage, yau ya sa gobe ya huta, kafin in samo wata. Ya lallaɓa har ya koma sau ɗaya a mako, daga nan ya ce ai ido lafiya yake, ya ajiye ɗan ragowar saboda ɓacin rana. Wajen mako shida bai ɗiga komai ba. A cikin makonnin nan ya fara jin kamar tsakuwa a ƙasan idon. Zare ne ya saki. Sakakken zare yana gogar ido, yana tara kwantsa da ƙwayoyin cuta, yana kiran jijiyoyin jini su zo inda yake, daidai bakin dashen. Masu kai rahoto da kotizon ya kwantar suka farka, ga hanya a buɗe.

A watan Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar. A cikin wannan shirun ne ido ya yi ja. Ana fama da ramad a lokacin, ciwon idon nan mai yaɗuwa da 'yan Najeriya ke ce wa apolo, don haka ba wanda ya tsorata. Kawu ya ce a ɗauko masa ragowar kwalbar. Inna ta hana, ta ce ɗanku da bakinsa ya ce kada a sa kotizon a jan ido. Gaskiya ta faɗa, ni na ce. Abin da ban zaunar da ita na gaya mata ba shi ne, bayan dashe hukuncin ya sauya: ido mai dashe in ya yi ja, ko ya ƙi haske, ko gani ya yi hazo, ko ya yi ciwo, ba a kwana da shi a gida, ko da ɗaya ce daga cikin huɗun. Likitan Khartum ya faɗa wa Kawu, ni ma na faɗa masa, amma mai riƙe da akwatin magani a gidan ba ta wurin.

Maƙwabta suka kawo shawara irin ta ƙauna. Wani ya ce garkuwar jikinsa ce ta yi rauni, a ba shi zuma da habbatus sauda. Ya sha, kuma shan bai cuce shi da komai ba. Allah ya taimaka ba a ɗiga zumar a idon ba. Sai dai fahimtar a juye take, kuma na sha jin ta har a bakin masu ilimi. Garkuwar Kawu ba ta gaza ba. Aikinta take yi, da ƙwazo, a kan abin da ta gane ba nata ba ne.

Abin da likita ta gani

Likitar da ta duba shi ita ma gudun hijira ne ya kawo ta daga Khartum. Ta fara da ɗiga rini mai ruwan ɗorawa don ta ga ko akwai gyambo, domin idan funfuna ce ta dawo, ko ƙwayar cutar nan mai fesowa a leɓe ce ta kama ƙarniyya, aka yi musu ruwan kotizon, an gama da idon. Babu gyambo. Sai ta kira ni in leƙa na'urar.

A bayan dashen, ta ciki, akwai wani siririn layi na fararen ɗigo-ɗigo, ya taso daga ƙasa, daidai wurin sakakken zaren da jijiyoyin, ya nufi tsakiya. Ƙasan layin ƙarniyya ta kumbura ta yi hazo, samansa garau. Na sha ganinsa a littafi, ban taɓa ganinsa a idon ɗan'uwana ba. Ana kiransa layin Khodadoust, da sunan likita Ali Khodadoust ɗan Iran, wanda shi da Arthur Silverstein suka nuna a 1969 cewa kowace shimfiɗa ta ƙarniyya jiki na iya ƙin ta ita kaɗai. Layin sahun fararen ƙwayoyin jini ne, suna tafe kamar wutar daji: bayansu toka, gabansu ciyawa.

Abin da suke ci shi ne shimfiɗar can ciki, kuma a nan duk maganar take. Jeri ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, wajen 2,500 zuwa 3,000 a kowane murabba'in milimita ga baligi mai lafiya. Aikinsu kwalfe ruwa daga naman ƙarniyya dare da rana, kamar yaron da ke kwalfe ruwa a kwalekwale. Ƙarniyya tana zama garau ne don ba ta jiƙe sosai ba. Waɗannan ƙwayoyi a jikin ɗan Adam ba sa haihuwa. Wadda ta mutu ta mutu, maƙwabtanta ne ke miƙewa su rufe gurbin. Idan suka ragu zuwa wajen 500, ruwa ya fi ƙarfinsu. Fatar sama ta dashen in jiki ya ƙi ta, ta mai idon ce ke maye gurbinta cikin kwanaki. Ta ciki ba ta da magaji. Shi ya sa ake lissafin wannan ciwo da kwana, kowane wayewar gari layin ya ƙara gaba.

Ta zare zaren a take. Ta rubuta firednisolon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, kowace awa, har da tashi cikin dare a kwanakin farko, da ɗigon buɗe ɗan ido don rage ciwo. Ta so ta yi masa ƙarin ruwa na wani kotizon, metilfirednisolon, miligiram 500 sau ɗaya, domin wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu a 1991 ya nuna yana taimakon waɗanda suka zo cikin kwana takwas na farko. Mun zaga gari ba mu samu ba. Aka koma ƙwayoyin sha, bayan an auna sukarinsa da hawan jininsa. Ɗigon kansa a jakar wani mai kemis da ya gudo da kayansa daga Madani muka same shi, kwalba biyu, a farashin da ba zan rubuta ba.

Inna ce ta karɓi aikin ɗigawa. Da na miƙa mata kwalbar ta dube ni ta ce, "Wannan ba shi ne ka hana ba?" Na ce, "Shi ne, Inna. Wancan karon ɓarawo ne a gidan, wannan karon kare ne ya kama baƙo." Ta ce, "To, da ka faɗa tun farko." Ban da amsa.

A kwana na huɗu layin ya tsaya. A mako na biyu ɗigo-ɗigon suka fara yin launin ƙasa suna ƙanƙancewa. A mako na uku hazon ya janye daga tsakiya, ya rage a ƙasa.

Azumi da hawan ruwan ido

Watan azumi ya kama ranar 11 ga Maris, ana tsakiyar rage ɗigon, yana sa shi duk bayan awa biyu zuwa uku. Kawu ya ce da rana ba zai sa ba, domin yana jin ɗacinsa a maƙogwaro, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ya isa maƙogwaro ta ido ana maganarsa. Ban yi masa gardamar fiƙihu ba, ba fagena ba ne. Na gaya masa majalisar nan ta Jidda ta yanke a 1997 cewa ɗigon ido ba ya karya azumi idan mutum bai haɗiye abin da ya sauko ba. Sannan na nuna masa dabara: bayan ɗigawa ya rufe ido ya danne kusurwar da ke jikin hanci da yatsa na minti biyu. A nan ƙaramar kafar da ke kai hawaye hanci take. In an toshe ta, magani ba ya sauka, kuma ya fi daɗewa a idon. Ya gwada, bai ji ɗaci ba, ya kai wa limaminsu maganar, ya dawo ya ci gaba da ɗigawa.

Kotizon kuma ya karɓi ladansa. Matsin ruwan ido da ya kamata ya tsaya tsakanin 10 da 21 ya haura 30 a mako na huɗu. Wannan hawan ba ya ciwo, a ɓoye yake cin jijiyar gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Aka tambaye shi ko yana da asma, ya ce a'a, aka ƙara masa timolol safe da yamma, matsin ya sauko. Yanar ido kuma ta fara taruwa a bayan ɗan ido, ita ma aikin kotizon ce. Kwalba ɗaya ta zama biyu, kuma ranar da za a cire yanar, aikin da kansa zai iya sake tayar da garkuwar, ya kuma rage ƙwayoyin da suka saura.

Inda ake yanzu

Na'urar ƙirga ƙwayoyin shimfiɗar ciki tana Khartum, in ma tana nan. Ba mu san adadin da Kawu ya rasa a kwana shidan nan da lamba ba, amma idon yana faɗa da kansa. Da asuba ganinsa hazo ne, sai rana ta ɗaga yake washewa. Dalilin shi ne cikin dare fatar ido a rufe take, ruwa ba ya bushewa daga saman ƙarniyya, duk aikin ya koma kan masu kwalfewa, su kuma sun yi kaɗan. In ya buɗe ido iska ta taya su, sai su cim ma aikin.

Likitar ta yi masa maganar dashe na biyu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Jikin da ya taɓa ƙin ƙarniyya yana riƙe da abin a ransa, ƙwayoyin T da aka horar ba sa mantuwa, jijiyoyin kuma sun ƙaru, don haka na biyu bai kai na farko daɗewa ba a mafi yawan lokuta, na uku ya fi muni. Akwai salon da ake zura shimfiɗar ciki kaɗai a ƙarƙashin tsohon dashen, wanda jiki bai cika tasar wa ba kamar cikakken dashe, akwai kuma magungunan danne garkuwar jiki irin su takrolimus da saikulosforin da ake ƙarawa ga masu haɗari. Duka suna bukatar ƙarniyya daga waje, da likitan da ya iya, da gwajin jini a kai a kai, da shanun da Kawu ba shi da su yanzu.

Na rubuta alamomi huɗun nan da ajami a kwali, Inna ta liƙa a jikin akwatin magani. Kwalba ba ta sake yankewa ba, domin yanzu ba na bari ta ƙarshe ta buɗu sai akwai wata a ajiye. An cire ƙarin zare biyar, ɗaya-ɗaya, kowanne da ƙarin ɗigo na mako guda a bayansa.

Kawu ya mayar da karatunsa daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Duk zuwansa nakan tambaye shi ƙarfe nawa baƙaƙen suke fitowa, in rubuta a katinsa. Bara ƙarfe takwas ne. Zuwansa na ƙarshe ya ce, "Sai wajen goma, ɗana. Ranar da aka yi iska, tara da rabi."